Kafaɗata da Nauyin Direba

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe 7:10 na safe

Don rubuta lokutan maganin Direba na sayi wannan littafin, sai ga shi da kaina zan fara. Kafaɗata ta dama ce. Yau kwana tara. Da farko na ɗauka kwanciya na yi a kanta, na shafa man zafi na ci gaba da harkata. Yanzu in na miƙa hannu zan ɗauko gishiri a saman kanta sai in ji kamar an soka mini ƙusa mai zafi a can cikin gaɓar. Na sauko da gishirin da sukari da ashana, na jera su kusa da risho. An kashe wannan magana.

Direba mijina ne. Haka kowa ke kiransa, har ni, tun yana jan babbar mota. Mako bakwai ke nan da abokan aikinsa suka kira ni in same su a asibiti, mako biyar da aka sallamo mu. Likitoci sun ba abin suna, ni dai ba zan sa shi a littafina ba. Hannunsa da ƙafarsa na hagu ba sa jin magana, bakinsa ya ɗan karkace, kalmomi sun ƙi fitowa. "To" ce kawai ta rage masa, sai "a'a" in ransa ya ɓaci ƙwarai. Shekara talatin da ɗaya muna tare, ban taɓa samun "to" da yawa haka daga bakinsa ba.

Sau shida nake ɗaga shi a rana. Gado zuwa keken marasa lafiya, keke zuwa banɗaki, banɗaki zuwa keke, haka dai. Dogo ne, ga ƙashi. Ina zura hannuna na dama a hammatarsa in yi bismillah in ja. Ni nake yi, ni kuma zan ci gaba da yi.

Laraba, 5 ga wata, ƙarfe 4:30 na yamma

Ban daina kitso ba. A baranda nake yi, ƙofar ɗaki a buɗe don in riƙa hango shi. Yau Rediyo ta zo. Haka duk layin nan ke kiranta, ba ta kuma taɓa jin haushi ba. Ƙanana ta ce tana so, irin na awa uku. Ina cikin tsaga mataji ya suɓuce mini. Na ɗauka. Ya sake. A karo na uku ta waiwayo.

"Lafiya kuwa, uwar ɗakina?"

"Santsin mai ne."

"Har sau uku?"

"Man kanki ne ya yi yawa."

Na sa ta sauka daga kujera ta zauna a tabarma, don kada sai na ɗaga gwiwar hannu. Na gama mata tsaf, ba layin da ya karkace. Amma na ga yadda take kallon hannuna tana ɗaura ɗankwali. Kafin gobe labari ya zaga gari.

Juma'a, 7 ga wata, ƙarfe 12:20 na rana

Na je asibiti. Tsohon tela maƙwabcinmu ne ya zauna da Direba, yana ta ba shi labarin ƙwallo, shi kuma yana ta "to".

Likitan sa'an ɗana ne. Ya ce in ɗaga hannu ta gefe. Daga cinya zuwa ƙirji lafiya lau, daga nan kuwa sai da na ciji leɓe. Ya danna kan kafaɗar da babban yatsa, saura kaɗan in kai masa mari da na hagu. Ya ɗauko takarda ya zana mini.

"Mama, a nan tsakanin ƙashi da jijiya akwai wata 'yar jaka mai ɗan ruwa, kamar matashi, don kada su riƙa gogar juna. Taki ce ta kumbura, aiki ya yi mata yawa."

Ya lissafo mini: ƙanƙara a cikin tawul, minti goma sha biyar, sau uku a rana. Ƙwaya bayan cin abinci har mako guda, in cikina ya fara zafi in daina in dawo. Kada in kwanta a kan wannan ɓarin, in rungumi filo. Kada kuma in ɗaure hannun in hana shi motsi sam, gaɓar za ta sandare.

"Sannan kada ki ɗaga abin da ya fi butar shayi nauyi."

Na ce, "In butar tana da gemu fa?"

Bai yi dariya ba. Na yi masa bayani a taƙaice. Ya ajiye biro ya ce, "Wa ke taya ki?"

"Allah."

"Cikin bayinsa fa?"

Na karɓi takardar maganina na fito.

Asabar, 8 ga wata, ƙarfe 10:00 na safe

Ƙanƙarar tana taimakawa, ban ƙi gaskiya ba. Na daskarar da ruwa a leda huɗu a firji, ina juya su. A kicin nake sakawa don kada ya gani. Yau na manta na shigo ɗaki da tawul a kafaɗa, ruwa na ɗiga ta gwiwar hannuna. Ya kafa mini ido. Na ce zafi nake ji, garin ya yi ɗumi. Bai ce "to" ba.

Lahadi, 9 ga wata, ƙarfe 6:45 na safe

Sau shida jiya. Ni na yi.

Litinin, 10 ga wata, ƙarfe 5:15 na yamma

Yaya ta zo. Yayar Direba ce, ita ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, ta haura saba'in amma har yau in ta shigo gida sai ta shafa saman taga ta duba yatsanta. Amarya take ce mini. Ina da jika biyu, ina nan a Amarya.

Ta zauna bakin gado ta riƙe hannunsa mai lafiya ta daɗe. Sannan ta biyo ni kicin. Ta ga gishiri a ƙasa.

"Amarya, an ce mataji ma faɗuwa yake daga hannunki."

"An ce da yawa, Yaya."

"Ina da ɗaki babba babu kowa ciki. Ƙofar banɗakina keke na shiga ba sai an karkata ba. 'Ya'yana maza biyu suna gida. Ki ba ni ƙanina."

"In ba ki shi? Bokiti ne?"

"Ke ma ki zo ki riƙa ganinsa, wa ya hana ki?"

In riƙa ganinsa. In hau mota biyu in je in yi sallama a ƙofar wani gida don in ga mijina, a ce mini yana barci in dawo anjima. Na ce mata na gode, gidansa nan ne. Da za ta tafi na ɗauko mata jakarta da hannun dama, da gangan, na miƙa mata ina murmushi. Bayan ta fita na zauna a ƙasan kicin har sai da ganina ya dawo.

Talata, 11 ga wata, ƙarfe 8:30 na safe

Yallaɓai ya kira. Babban ɗana ne, tun yana aji uku yake ba da umarni shi ya sa muka laƙa masa sunan, yanzu kuma ya samu ofis a wani gari ya cika shi. Gwaggonsa, wato Yaya, ta riga ni kai masa labari.

"Umma, me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

"Me zan faɗa? Kafaɗa ce, kowa yana da ita."

"Shawarar Gwaggo tana kan hanya. Ki duba."

"Na duba. Ka gaida yaran."

Ƙwayar ta fara taɓa mini ciki. Zan ƙarasa kwanakin dai.

Alhamis, 13 ga wata, ƙarfe 9:05 na safe

Ba abin da ya faru a banɗaki.

Alhamis, ƙarfe 1:40 na rana

Tela da wani mai wucewa ne suka shigo suka mayar da shi gado. Na ce musu santsi ne. Na wanke ƙasan banɗakin sau biyu, da hannun hagu, duk da a bushe yake tun farko. Na mayar da masu kitso biyu, na ce ba ni da lokaci.

Juma'a, 14 ga wata, ƙarfe 11:00 na safe

Ƙugunsa ya yi baƙi, faɗin tafin hannuna. Saman girarsa ta hagu ya tashi. Na lallatsa ko'ina, ba inda ya nuna karaya, ƙafar tana lanƙwasuwa kamar da.

Da na zo ɗaga shi, ina zura hannu a hammatarsa ya ce, "A'a."

Na ce, "Direba, wanka."

"A'a."

Ya ture hannuna da nasa mai lafiya, ba da ƙarfi ba. Sannan ya ɗora tafinsa a kan kafaɗata, daidai wurin, ya bar shi nan. Na ce masa ba ruwansa da wannan, aikina ne. Ya juya fuskarsa bango. A gado na goge masa jiki da tawul.

Na daina ƙwayar, cikina ya ƙi. Hannun ba ya wuce ƙirji yanzu. Rigar da ake zurawa ta ka na ajiye ta, sai mai maɓalli.

Asabar, 15 ga wata, ƙarfe 3:00 na yamma

A'a da safe. A'a da rana. Mutumin da ya yi wata biyu yana "to".

Lahadi, 16 ga wata, ƙarfe 5:50 na yamma

Yallaɓai ya zo ba sanarwa. Ya durƙusa gaban mahaifinsa, ya ga girar, ya ɗaga rigar ya ga ƙugun. Ya fito baranda ya same ni ina tsintar gashi daga mataji.

"Umma, me ya same shi?"

"Santsi."

"Tela ya ce ke ma a ƙasa ya same ki, kina riƙe da hannu, kin kasa tashi."

"Tela ya ji da allurarsa."

Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da na san yadda zan yi da shi. Ya ce Gwaggo za ta sa a yi wa ɗakin fenti a kafa ƙarfen dafawa a banɗaki, ranar Asabar ashirin da tara ga wata zai dawo da mota. Ya ce don ni ake yi. Kowa don ni yake yi. Na ce masa ni na haife shi, ni na yi masa tsarki, ba zai shigo gidana ya yanka mini rana ba. Ya ce, "In ya sake faɗuwa ya bugi kai fa, Umma?"

Na zuba masa abinci bai ci ba.

Kafin ya tafi shi ya ɗaga uban ya kai shi wanka. Shi bai ce masa a'a ba.

Talata, 18 ga wata, ƙarfe 7:00 na safe

Saura kwana goma sha ɗaya. Ba inda za shi.

Alhamis, 20 ga wata, ƙarfe 2:10 na rana

Na koma wurin likita. Na ce masa ina da kwana tara, ya ba ni abin da zai gyara hannun nan cikin kwana tara. Ya ce babu irin wannan a duniya. Amma tunda ƙwaya ta ƙi ni, ciwon kuma ya hana ni barci, zai yi mini allura a cikin gaɓar don kumburin ya sauka. Ya ce za ta iya ƙara zafi kwana ɗaya ko biyu kafin in ji daɗi, kuma ba abin da ake maimaitawa ba ne kowane wata.

"Za ta kashe zafin, Mama, amma ba ta ba ki izinin ɗaga kowa ba. In kin koma gidan jiya, jijiyar ce za ta yage, sai aikin tiyata."

Allurar doguwa ce. Na kalli kalandar bango har ya gama.

Daga nan ya tura ni ɗakin gashin ƙashi. Wata gajeruwar mata na tarar, muryarta ta fi jikinta, ma'aikatan wurin Sajan suke ce mata a bayan ido. Ta sa na dafa tebur da hagu na sunkuya, na saki hannun dama yana lilo, gaba da baya, sannan zagaye. Ta ce bayan kwana biyu in fara, sau goma goma, safe da yamma. Ta nuna mini yadda zan tsaya gaban bango in riƙa hawa da yatsu a hankali, inda zafi ya fara in tsaya.

Sai ta ce, "Nuna mini yadda kike ɗaga shi." Ta zauna a kujera ta saki jiki. Na nuna mata da hagu.

"Shi kuma me yake yi lokacin?"

"Me zai yi? Ba shi da lafiya."

"Ƙafarsa ta dama fa, ita ma ba ta da lafiya? Da aka sallame ku ba a ce ki riƙa kawo shi nan ba?"

An ce. Ban kai shi ba. Ban so a riƙa kallonsa a layi, mutumin da ke sauko da tayar babbar mota shi kaɗai. Na ce mata hanya ce ta yi nisa. Ta ce ta san layinmu, gobe in ta tashi aiki za ta biyo.

Juma'a, 21 ga wata, ƙarfe 6:00 na yamma

Kafaɗar ta wuni tana bugawa kamar an dasa mata zuciya. Ƙanƙara sau huɗu.

Sajan ta zo da wata faffaɗar ɗamara mai madauki. Ta gaida Direba kamar ta san shi, ta ce ya matse mata hannu, ya tura ƙafarsa ta dama a tafinta. Ta juyo ta kalle ni.

"Wannan ƙafar za ta iya taka birkin tirela gobe. Mako bakwai kina ɗaukarsa kamar buhu, Mama. Kin kashe kafaɗarki, shi kuma kin hana shi aikinsa."

A gidana, a gabansa. Na ce mata ba ta san abin da na sha ba. Ta ce gaskiya ne, ba ta sani ba, in matsa gefe.

Ta kafa keken a ɓarinsa na dama ta ja birki biyu. Ta ɗaura masa ɗamarar a ƙugu. Ta sa ya matso bakin gado, ƙafafu a ƙasa, ta tokare gwiwarsa ta hagu da tata. "Baba, hanci ya wuce yatsun ƙafa. Dafa gado ka tura. Ni ba zan ɗaga ka ba, riƙewa kawai zan yi." Ya gwada ya koma. Ya gwada ya koma. A na huɗu ya miƙe. Na manta tsawonsa. Kan Sajan ko ƙirjinsa bai kai ba. Ya juya a kan ƙafar dama, ya lalubi hannun keke, ya zauna da ƙarfi har keken ya yi ƙara.

Na shiga kicin na ɗora ruwan da ba na bukata.

Da za ta tafi ta ce ko ya iya wannan, wanka sai mutum biyu, kuma Talata da Alhamis a kawo mata shi. Ta ce, "Ki nemi mutum." Na ce na ji.

Lahadi, 23 ga wata, ƙarfe 9:30 na safe

Zafin ya sauka. Jiya na yi barci na gaske, karo na farko a wata guda. Lilo goma goma. A bango yatsuna sun kai daidai haɓata.

Da ni ya ƙi tashi. Na ɗaura ɗamara, na tokare gwiwa, na ce tura, sai ya zauna yana kallon hannuna na dama. Na fahimta. Na cusa hannun cikin aljihun riga, na riƙe madaukin da hagu kawai. Sannan ya tura. Minti goma sha ɗaya daga gado zuwa keke. Da, a minti ɗaya nake yi.

Litinin, 24 ga wata, ƙarfe 4:00 na yamma

Yau ya kasa sau biyar. Na yi masa tsawa. Na ce in yana so a kwashe shi kamar kaya ya ci gaba da zama. Ya dube ni, bakinsa na rawa, kalmar ta ƙi zuwa. Na fita baranda. Na dawo na ba shi haƙuri. Ya ce "to". Ban san wace irin "to" ba ce.

Laraba, 26 ga wata, ƙarfe 7:20 na safe

Jiya Tela ya raka mu wurin Sajan a tasi. An kalle mu a layi. Ba wanda ya mutu.

Minti shida yau. Yatsuna sun kai hanci.

Juma'a, 28 ga wata, ƙarfe 5:30 na yamma

Ban haɗa masa kaya ba. Na wanke zanen gado na shimfiɗa sabo.

Asabar, 29 ga wata, ƙarfe 3:45 na yamma

Sun zo ƙarfe goma, Yallaɓai da Yaya da babban ɗanta. Na ce kafin kowa ya taɓa shi su tsaya daga bakin ƙofa su gani. Na ɗaura ɗamara, hannun dama a aljihu. Ya tashi a gwaji na biyu. Ya juya, ya zauna. Yaya ta toshe baki da gefen mayafi.

Yallaɓai ya ce, "Alhamdulillahi, Umma, wannan ci gaba ne. Amma wankan fa? Ranar da ya kasa fa? Ke kaɗai ce har yanzu."

Yaya ta ce a tambayi mai abin. Ta sunkuya, "Ɗan'uwana, za ka bi ni gida?"

"To."

Na ce, "Direba, za ka zauna a gidanka?"

"To."

Ɗan Yaya ya yi dariya, ya haɗiye. Yallaɓai ya ce shi ke nan, a gwada wata ɗaya a can a gani. Ya saki birki ya fara tura keken. Na tsaya a wurin ina kallo. Sun kai tsakiyar baranda sai Direba ya sauke hannunsa ya ja birkin dama. Taya ɗaya ta tsaya cak, ɗayar ta ci gaba, keken ya juyo yana fuskantar ƙofar ɗaki. Yallaɓai ya sunkuya zai saki birkin. Uban ya ɗora hannu a kai ya ƙi ɗagawa. Ɗan ya daɗe a sunkuye, sannan ya miƙe ya saki keken.

Yaya ta wuce kicin ba ta kalli kowa ba. Na bi ta. Tana tsaye ta ba ni baya.

Ta ce, "Ni na goya shi. Da bayan nan. Yanzu sai in zauna a can ina jiran waya ta ce ya faɗi?"

Na ce, "Ba faɗuwa ya yi ba, Yaya. Ni na yar da shi. Hannuna ne ya sake, na ji yana zamewa ban iya komai ba. Ƙasan a bushe yake."

Na faɗa, ga shi kuma na rubuta.

Ta juyo. Na zata za ta ce da ma ta faɗa. Ta ce, "To me ya sa kika nace haka?"

Na ce mata shekara talatin mutumin nan yana kan hanya. Kwana uku a gida, mako biyu a titi. Ni na yi renon yara, ni na yi jinyar kowa, ina ƙirga wa kaina ranar da zai ajiye makullin mota mu zauna mu sha shayi ba wanda ke duba agogo. Saura wata huɗu ya ajiye. Ba haka na roƙa ya dawo ba, amma ya dawo, ba kuma zan miƙa shi ba.

Ta ja kujerar roba ta zauna. Can ta ce, "Ƙarfe nawa yake wanka?"

"Takwas."

"Ya yi sassafe. Tara. Yaron nan zai riƙa sauke ni in za shi aiki, ya kama muku wankan, ya dawo da yamma ya ɗauke ni. Ƙarfen da na saya a zo a kafa shi a nan."

Na ce takwas da rabi. Ta ce tara. Na ce gidana ne. Ta ce ƙaninta ne. Tara.

Talata, 1 ga sabon wata, ƙarfe 2:00 na rana

Likita ya ce kumburin ya ragu sosai, amma in ba kafaɗar wata biyu zuwa uku, kuma tana iya dawowa in na yi mata rashin kunya. Kitso kai ɗaya a rana, mai shi a tabarma, in riƙa hutawa duk rabin awa. Na ce biyu. Ya ce ɗaya. Mutane sun koyi gardama da ni kwanan nan.

Yaya ta canza wa kofunana wuri. Na mayar. Ta sake.

Alhamis, 3 ga wata, ƙarfe 5:10 na yamma

Mun dawo daga wurin Sajan, Direba ya gaji ya yi barci. Ina zaune a baranda da ƙanƙara a kafaɗa sai Yaya ta zo ta bayana ta zare mini ɗankwali ba ko sallama. Na san abin da ta gani. Wata guda hannuna bai kai kaina ba, ban kuma bari kowa ya sani ba. Gashin ya cukurkuɗe ya dunƙule kamar soson wanki.

"Mai kitson layi guda," in ji ta. "Sauka ƙasa."

"Yaya, ki bari, zan sa a yi mini."

"Wa? Rediyo? Sauka."

Na sauka tabarma, wurin da nake zaunar da mutane. Ta ɗauki matajina da maina. Ga ta da ja kamar tana cire ciyawa. Awa ɗaya da rabi ta yi, ta fitar da guda shida manya, ba biyun da suka yi kama da juna. Tsagar tsakiya ta taso daga goshi ta nufi kunnen hagu. Na duba madubi na ce tun da nake ban taɓa ganin mummunan kitso irin wannan ba. Ta ce ita ma tun da take ba ta taɓa taɓa kai mai taurin wannan ba, ciki da waje.

Muna haka Direba ya farka. Na shiga kaina a buɗe. Ya kalle ni, ya kalli yayarsa a bakin ƙofa da mataji a hannu, sai kafaɗunsa suka fara girgiza. Na tsorata, na zata wani abin ne. Dariya yake yi, da rabin baki, har da hawaye.

Gobe Rediyo za ta zo tsifa. Ba zan ɗaura ɗankwali ba. Ta kalla da kyau, ta kai inda za ta kai.